Ku fara da inuwa, ido ya jira

Ƙannena masu son zanen fuska, shekara biyu na yi ina jan layi kafin in gane fuskar mutum ba ta da layi. Haske ne da inuwa.

Hoton farko da na kwaikwaya na Rembrandt ne, mai zanen ƙasar Holan da ya rasu a 1669. Na sa aka buga mini shi baƙi da fari a shagon fotokofi kusa da babbar kasuwar Maradi, na zauna a zaure na fara da ido. Kwana uku ina kan gashin ido kaɗai. Da na jingina takardar a bango na ja da baya, sai ga idon ya cika girma, hanci ba shi da wurin zama. Na yaga ta, raina a ɓace.

Da na ƙanƙance ido tun farko na dubi hoton har ƙananan abubuwa su ɓace, da na ga kashi uku ne: duhu, tsaka-tsaki, haske. Rabin fuskar a duhu yake, sai ɗan haske a kumatu ƙarƙashin ido. Wannan duhun ake fara shimfiɗawa da gefen gawayi, a hankali.

Tsoron baƙi shi ya fi cutar da ni. Da kireyo mai lamba HB, wanda baƙinsa bai da ƙarfi, nake yin komai, don kada in ɓata takarda, sai fuskokina su fito fari-fat kamar an bar su a rana. Ku nemi kireyo mai lamba 2B da 6B, waɗanda suka fi laushi da baƙi, inda ya kamata ya yi baƙi ku bar shi ya yi baƙi ƙirin. Ko farin ido ma ba fari ba ne, toka-toka ne, don fatar ido na yi masa inuwa.

Kada ku ɗora gawayi a kan kireyo. Wurin da kireyo ya cika santsi yake yi yana ƙyalli, gawayi ba ya kamawa. Gawayi ne farko.

Sai batun yatsa. A zafin watan Afrilu na murje kumatu da yatsa, gumi da maiƙo suka bar tabon da gom ta kasa ɗaukewa. Yanzu takarda nake naɗewa ta yi tsini in murza da ita, in sa wata tsaftatacciya ƙarƙashin hannuna.