Rigar Ɗan Wasa Daban Take da Rigar Sallah

A shagonmu da ke Samaru sana'armu ɗinki da ba da hayar suturar 'yan wasan kwaikwayo, na dandamali da na fim. Kafin mu ɗauki awon mutum sai mun ji inda zai sa kayan, domin rigar da ta yi kyau a dandamali tana iya ɓata hoto gaba ɗaya a gaban kyamara.

Mu fara da dandamali. Gidan wasan nan na ginin ƙasa da ke Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ake ce wa Drama Village, tun shekarun 1970 ɗalibai ke wasa a cikinsa, kuma fili ne a buɗe. Ɗan wasa zai durƙusa, ya yi birgima, a ja shi da wuyan riga, gobe a maimaita. Saboda haka kowane haɗi sau biyu muke bin sa da keke, mu ƙara ƙyalle a hammata da tsakanin cinyoyin wando, don nan ne wurin da ke fara yagewa. Babbar riga da 'yar ciki da wando yadi goma suke ci a al'ada, amma na dandamali mukan tsaya a bakwai ko takwas na yadi mara nauyi, mu rage shafi, don hannun riga ya hau kafaɗa ya zauna. Rawani kuwa ba a naɗa shi a bayan fage, babu lokacin. A kan hula muke naɗa harsa, mu kama ta da zare da allura, mu bar amawali a sake, ɗan wasa ya kifa kawai ya fito. Kunnuwa biyu na sarki ne da 'ya'yan sarauta. Ka sa wa attajiri ko malami su a Zariya, 'yan kallo za su gyara maka tun ba a tashi ba.

Kyamara ita ce mai tsegumi. Farar shadda fes tana mayar da haske ta cinye fuskar jarumi, don haka mukan jiƙa ta a ruwan shayi, jakar Lipton goma a bokitin ruwan zafi, minti ashirin, a ɗauraye a shanya a inuwa. A ido ta ɗan dushe, a hoto ta fito fara tas. Yadi mai siraran layuka kusa da juna rawa yake yi a allo. Sabuwar gezna mai sitati tana ƙara duk motsin da aka yi, makirfon da ke maƙale a ƙirji ya kwashe, mai ɗaukar sauti ya yi ta tsayar da aiki. Maganinta wanki ɗaya, sannan a kai wa mabuga su dawo mata da sheƙi ba tare da ƙarar ba. Rawanin ɗan kura ya fi kowane kyau a hoto, sai dai shuninsa na sauka a goshi da zarar gumi ya keto, shi ya sa muke ɗinka masa baƙin ƙyalle ta ciki.

Duk rigar da za a zuba wa jini ko a yaga, iri ɗaya biyu muke yi, wani lokaci uku, daga bandir guda. A nan muke shan fama da furodusoshi. Sai ka ji an ce, “Haba maigida, ɗaya ma ta isa.” Darakta ya ce a sake ɗauka, riga ta riga ta ɓaci, a aiko yaro da gudu neman irinta, alhali yadin ya ƙare a kasuwar Sabon Gari. Jinin da muke haɗawa zuma ce cokali huɗu, jan kalar abinci cokali ɗaya, da ɗan garin koko don ya yi duhu. In babu kokon sai ya fito kamar zoɓo. Yana fita a wanki in an jiƙa da ruwan sanyi a ranar. In ya kwana uku a cikin leda a but ɗin mota, rigar ta tafi ke nan.

Kayan talaka sun fi na sarki wahala. Sabuwar riga ake tsufar da ita: a goge wuya da gwiwar hannu da bakin aljihu da samfefa, a jiƙa a shayi mai kauri, a shafa jar ƙasa a gindi, a bar wa rana kwana biyu. Faci da hannu ake yin sa, da zaren da bai dace da yadin ba. Masu kwaikwayon aikinmu almakashi suke sa wa riga su tsattsaga, kuma mai kallo na ganewa, don tsufa ba ya yanka a miƙe. Su ne dai masu manna wa ɗan wasa gemu da sufa gulu. Akwai gam na musamman da ake yi don fata, da man cire shi. Wancan kuwa da fatar haɓa yake fitowa.

Aikin hannu na Zazzau, aska biyu da aska takwas, muna ajiye shi don ɗaukar kusa, inda ɗinkin keke ke tona kansa. Iyayen gidanmu a cikin birni sai yaro ya daɗe yana zana aska a takarda kafin su bari allurarsa ta taɓa tsamiya, kuma har yau haka muke yi wa namu yaran. Amma riga komai kyanta sai da mai sa ta. Wanda ya kalli marigayi Ƙasimu Yero, ɗan garin nan da ya rasu a 2017, ya ga yadda ake saɓa riga a kafaɗa ana magana ba tare da an kalle ta ba. Matasan yanzu da yawa sai mun ba su rigar gwaji su yi mako suna zama da tashi da ita.

Rayuwar ɗan wasa ma tana shiga lissafinmu. Fim mai dogon zango yakan ɗauki shekaru, jarumi ya yi ƙiba, jaruma ta yi aure ta bar harkar a kawo wata a madadinta. Don haka muke barin inci biyu a kowane gefe na ɗinki, a buɗe ko a tsuke. Ƙananan 'yan wasa kuwa sau da yawa da kayan jikinsu ake ce su zo lokeshan, abin da za a sallame su da shi bai kai kuɗin wankin ba. Irin waɗannan muna yi musu ragi in sun zo da kansu.

Kamfani kuwa ga sharuɗɗanmu: rabin kuɗi kafin alƙalami, a kawo mana labarin da jerin fitowa mako biyu kafin a fara ɗauka, a ƙirga kaya a gaban juna ranar karɓa da ranar mayarwa. Alkyabba da takalmin gashin jimina ba sa fita sai da yaronmu a tare da su.