Wuri uku a ƙullin tsumma

Asabar. Hazo ya sauko sosai, da asuba ko mangwaron maƙwabta ba a hange. Auta ya tashi da tari, na haɗa masa citta da zuma. Wuta ta zo ƙarfe shida, ƙarfe bakwai ta koma inda ta fito.

Da murnata na tashi yau. Adashena ya fito ranar Laraba, kwasa ta uku ke nan da ban taɓa ko sisi a ciki ba, Abbansu kuma ya cika nasa alƙawarin. Don haka muna gama karin kumallo muka baje takardun da ejan ya turo a kan tabarma, shi da biro, ni da waya. Kun san zancen, shekara biyu ina damun ku da shi: Maldibs, ƙasar tsibiran nan ta Tekun Indiya, kwana biyar, ɗakin katako a tsaye kan ruwa, cikar shekara 15 da aurenmu.

Hanya dai ta fito fili. Jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Abuja, daga nan Doha wajen awa bakwai, daga Doha zuwa Male, babban birninsu, kusan awa biyar. Awa huɗu suke gabanmu. Biza a filin jirgi ake bugawa, kyauta, ta kwana 30, in dai kana da tikitin komawa da shaidar masauki, mu kuma da muka fito daga Najeriya sai da katin rigakafin shawara. Inda lissafi ya fara ɗaure mana kai shi ne kuɗin ɗaki. Abin da ka gani a rubuce ba shi za ka biya ba. Akwai haraji kashi 17, akwai kuɗin hidima kashi 10, sannan harajin muhalli dala 12 a kan kowane mutum kowane dare. Ga shi kowane otal da tsibirinsa, babu kanti a gefe, babu mai shayi a bakin titi, abin da suka dafa shi za ka ci a farashin da suka yanka. Shi ya sa na kafe a kan mu biya har da abinci tun daga nan, kada ruwan sha ma ya zame mana abin lissafi a can. Tsibirin da na zaɓa kuma yana da nisa, sai da ƙaramin jirgin saman nan mai sauka a kan ruwa, ɗaruruwan daloli kowane kai, kaya kilo 20 da na hannu kilo 5, kuma ba ya tashi da dare. In jirginmu ya sauka da yamma liƙis, sai mun kwana a kusa da filin jirgi, dare guda ya tafi a banza.

Abbansu yana son Mayu, don daminarsu ta kama farashi ya sauka. Ni na ce Janairu, bayan cunkoson sabuwar shekara kuma kafin azumi, tunda raninsu daga Disamba ne zuwa Afrilu. Ba zan tara kuɗi shekara biyu in je in zauna ina kallon ruwan sama ta taga ba. Ya yi dariya ya ce to, Janairu.

Bayan azahar na ɗauki Ummi muka nufi Tudun Wada, gidan Mama. Ban taɓa faɗa wa Mama ba, kuma ba zai yiwu in biya kuɗi ba ta sani ba.

Tun daga gida nake shirya amsoshi a raina. Gwaggo ta riga ta ba ni ɗanɗano makon jiya, da ta ce kuɗin nan da fili kuka saya a Rigacikun da ya fi muku. Don haka na tanadi komai: kuɗin makarantar yara an biya har zango na biyu, maganin Mama na wata uku yana nan, ba mu ci bashin kowa ba, kuma ba almubazzaranci ba ne mutum ya je ya ga ikon Allah da halalinsa. Har ayar tafiya a bayan ƙasa na tanada. Ina tuƙi ina maimaitawa.

Mun same ta a tsakar gida tana tsinkar zogale, rediyo a gefe. Muka gaisa. Kamar kullum, ta jawo Ummi jikinta tana cewa takwara ta zo, ni kuwa ko kallona ba ta yi sosai ba. Wanda ya san gidanmu ya san ni ce 'yar fari. Mama ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa yaba min a gabana ba, kuma tun da na fara aiki ba ta taɓa buɗe baki ta ce in saya mata wani abu ba. In tana buƙata, sai dai in ji a bakin ƙanwata. Haka muka taso, ban taɓa jin haushin hakan ba.

Na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na faɗa. Na miƙa mata wayar da bidiyon a buɗe, na gyara zama ina jiran faɗa.

Ta goge hannu a zani, ta sa tabarau, ta riƙe wayar nesa da fuska. Ta kalla har ya ƙare. Ta ce wa Ummi ta mayar mata da shi farko. Sai da ta kalla sau uku sannan ta ce, "Wannan ruwan haka Allah ya yi shi, ko shuni suka zuba?"

Na ce haka yake, Mama, rairayin ƙasan ne fari tas, ruwan kuma ba zurfi.

"Mutanen wurin Musulmi ne?"

Na ce ƙasar gaba ɗaya. Na ba ta labarin abin da na karanta, cewa tun shekarar 1153 sarkinsu ya musulunta, kuma a Male akwai tsohon masallacin Juma'a da aka gina a 1658 da dutsen murjani, har yau yana tsaye. Tsibirai kusan 1,200 ne, amma waɗanda mutanen ƙasar ke zaune a kai ba su wuce wajen 200 ba. Ta ce ikon Allah. Ta yi shiru, ta ci gaba da tsinkar zogalenta. Na ɗauka yanzu faɗan zai zo.

Sai ta ce, a hankali, kamar mai jin nauyin tambayar, "Wai da gaske ruwan teku gishiri gare shi?"

Wallahi sai na rasa abin cewa. Na ce amma Mama ai kin je Makka. Ta ce da dare suka sauka Jidda, daga jirgi sai mota, da za su dawo ma haka. An ce mata ga Bahar Maliya can, ta leƙa ba ta ga komai ba sai fitilu. Ruwa mafi girma da ta taɓa gani da idonta shi ne Kogin Kaduna in ya cika a watan Agusta. Shekarunta sun doshi saba'in. Ni 'yarta, da na san kalar maganin hawan jininta da ranar da zai ƙare, ban taɓa sanin tana da wannan tambayar a ranta ba.

Don in cike shirun, sai na kawo zancen wuri. Tun muna jami'a a Zariya aka koya mana cewa wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi, wanda daga jam'insa muka samo kalmar kuɗi, da yawansa daga waɗannan tsibiran ya fito. Ganyen kwakwa suke jefawa a ruwa, ƙananan halittun su manne, a janyo a shanya a rairayi har naman ya ruɓe ya bar ɓawon. Daga nan fatake su ɗauka, wani ya ratso Sahara, wani jiragen Turawa su sauke shi a bakin teku ya hauro Arewa. Ibn Baɗuɗa, shahararren matafiyin nan da ya yi alƙalanci a Male, ya ga wurin a can, ya kuma zo ya tarar ana kashe shi a Mali. Ina ta zuba, ban lura ta daina tsinkar ba.

Ta miƙe da ƙyar, saboda gwiwar, ta shiga ɗaki. Muka ji tana motsa kwanonin saman kabad. Ta fito da wani ɗan kumbo da ban taɓa gani ba, a ciki akwai tsumma a ƙulle. Ta kwance. Wuri uku ne, sun yi jaja-jaja don tsufa, ɗaya bayansa a fashe. Ta ce na kakarta ne, ita kuma ta ce da irinsu aka biya sadakin uwarta. Ta ɗora su a tafin hannun Ummi, tana juya su da yatsa.

Sannan, ba tare da ta dube ni ba, ta ce, "Takwara, ki ce wa uwarki in sun je, in an samu, ta tsinto min guda. In gani ko irinsu ne."

Shi ke nan. Babu zancen fili, babu zancen almubazzaranci. Da za mu tafi ta ce Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya, ta ƙulla mana zogale a leda.

A mota Ummi tana ta surutu, ni kuwa maƙogwarona ya cushe. Abu na farko da Mama ta taɓa roƙona a duniya, kuma ko shi ta bakin jika. Abin da ya ƙara tsaya min, na riga na karanta cewa an hana fitar da murjani daga ƙasar, otal-otal ɗin kuma suna roƙon baƙi kada su ɗauki komai daga bakin ruwa, ko ɓawo ko rairayi. Ba na son in je ƙasar mutane in saɓa musu. To ko na samo mata wurin ta hanyar da ta dace, tambayar gishirin fa? Wannan ba a kawo wa mutum amsarta a jaka.

Na tsaya Kasuwar Bacci karɓar ɗinki. Bai gama ba. Talata.

Bayan isha'i na faɗa wa Abbansu duka. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya jawo takardun safe ya juya bayansu. Akwai wata hanyar, mun san da ita tun farko muka ƙi dubawa. Tun 2009 aka ba mutanen ƙasar damar buɗe ƙananan masaukai a tsibiran da suke zaune, irin su Mafushi, wanda jirgin ruwa mai gudu ke kai mutum daga Male cikin ƙasa da awa guda. Can babu giya, akwai masallaci, za ka ji kiran salla, za ka ga mata da lulluɓi suna harkarsu. Harajin muhallin ma a ƙananan masaukan dala 6 ne. In muka bar ɗakin kan ruwa da ƙaramin jirgin saman, abin da zai ragu zai ɗauki tikitin mutum na uku. Ya rubuta, ya ja layi, ya turo min.

Ga gaskiyar da nake jin nauyin rubutawa: ina son ɗakin nan. Ba don hoto ba. Ban taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwata ba, domin duk inda ruwa yake akwai idon mutane. Ɗakin yana da matakala tasa da ke sauka cikin teku, babu mai ganinki sai mijinki. Shekara 15 ba mu taɓa kwana biyu a jere mu kaɗai ba, daga haihuwa sai jinya sai baƙi. Duk watan da na zuba adashe na hana kaina atamfa, wannan matakalar nake gani. Ban ɗauki son hakan laifi ba, har yanzu da nake rubutun nan ban ɗauka ba.

Kuma ban ma san ko za ta yarda ba. Mama ta yi tafiya da surukinta, su zauna jirgi ɗaya, su ci abinci wuri ɗaya? Matar da in ya shigo gaishe ta take jan mayafi ta juya gefe? Sai dai in ƙanwata za ta zo, wannan kuma tikiti na huɗu ne, lissafin ya rushe. Ga gwiwa, ga zaman jirgi na awa goma sha biyu, ga hawa da sauka a jirgin ruwa. Wata zuciyar tana ce min Legas ma teku ce, jirgin awa guda da 'yan mintuna, in kai ta can bayan salla ta ɗanɗana gishirin da bakinta. Wataƙila hakan ne daidai. Amma ba ruwan Legas ta kalla sau uku ba.

Na tambayi Abbansu shi me ya gani. Ya ce, "Fiye da rabin kuɗin naki ne, kuma mahaifiyarki ce. Duk wanda kika zaɓa ina bayanki." Na so ya zaɓa min. Na san dalilin da ya sa bai yi ba.

Ejan ya ce zai riƙe mana farashin zuwa Litinin da azahar.

Ɗazu da nake cire wa Ummi kaya na ji wani abu a aljihun rigarta. Wurin nan ne mai fasasshen baya. Ta ce Mama ce ta saka mata, wai in tafi da shi don in gane irinsa. Yana nan kan takardun.

Tarin Auta ya lafa, ya yi barci. Na tura wa ƙanwata saƙo ta duba min fasfon Mama a cikin akwatin ƙarfe, ta ga ko ya ƙare, kuma kada ta ce mata komai. Ta karanta, ba ta amsa ba tukuna.