Shekara Biyu Ina Ɓoyon Basir Kafin Na Yarda Likita Ya Duba Ni

Ni tela ne, kuma shekarata goma sha shida ina zaune a kan keken ɗinki a shagona da ke Tudun Wada, a nan Kaduna. Ranar da na fara ganin jini bayan na zagaya, muna cikin goman ƙarshe na azumi, lokacin da tela ba ya sanin barci sai an sauko daga Idi. Jini ne ja jawur, ɗigo kaɗan a bakin masai, kuma babu zafi ko kaɗan. Na yi tsarki, na koma kan ɗinkina, ban faɗa wa kowa ba.

A kwanakin nan da ƙosai da kunu nake buɗe baki a tsaitsaye, da tsakar dare in aiki yaro wurin mai shayi ya karɓo mini burodi da taliya da ƙwai, da asuba in yi sahur da farar shinkafa. Ruwa kuwa da gangan nake rage shansa don kada fitsari ya riƙa tayar da ni daga kan keke. Sai in yi kwana uku ban yi bayan gida ba, idan na shiga kuma in daɗe a tsugune ina yunƙuri, waya a hannuna.

Duk wanda ya bi ta Kawo ko ta bakin babbar kasuwa ya san amon lasifikar masu maganin basir. Za ka ji ana jero basir mai jini, da mai tsiro, da mai kumburin ciki, da mai sa ciwon baya da kasala, har da mai rage wa namiji kuzari. A wurinmu kalmar basir ta zama buhun da ake zuba kowace cuta a ciki, shi ya sa duk wanda ya saurara sai ya ji kamar da shi ake. Na sayi gora ɗaya ta jiƙo a wata mota da ke gefen titi, babu suna a jikinta, babu lambar rajista, babu takamaiman ma'aunin sha. Ta sa ni zawo na kwana biyu, mai maganin ya ce dattin ciki ne yake fita, ni kuma na gaskata na ƙara saye. Ba na raina maganin gargajiya, domin da shi iyayenmu suka raine mu, amma abin da ya kamata ya tsaya mini a rai tun lokacin shi ne, mutumin nan bai taɓa duba ni ba, bai ma tambaye ni launin jinin ba.

Haka na shafe shekara biyu. Jinin ya ƙaru, sannan wani tsiro ya fara leƙowa idan na yi yunƙuri, ya koma da kansa bayan na tashi. Na fara jin jiri idan na ɗago daga ruku'u. Maiɗakina ce ta ga tabon jini a wandona tana wanki, ta same ni bayan sallar isha'i ta ce, "Baban Ummi, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Don Allah gobe ka je asibiti." Ban yi mata musu ba, domin ni ma tsoro ya riga ya kama ni.

A wani asibitin gwamnati na yanki kati. Likitan ya fara da tambayoyi: jinin ja ne ko baƙi, a gauraye yake da bayan gida ko daga baya yake ɗiga, na rame ko ban rame ba, kuma ko akwai wanda ya taɓa yin sankarar hanji a danginmu. Daga nan ya ce in kwanta a gefen hagu in naɗe gwiwoyina, ya sa safar hannu ya duba da yatsa, sannan ya leƙa da wani gajeren bututu. Abin da na shekara biyu ina gudu saboda kunya bai kai minti biyar ba.

Bayanin da ya yi mini shi ne ya fi komai amfani. Ya ce, "Malam, basir jijiyoyin jini ne na bakin dubura da suke kumbura saboda matsi, kuma babu ruwansa da ciwon baya ko ƙarfin namiji." Akwai na ciki, wanda yawanci jini yake zubarwa ba tare da zafi ba, akwai kuma na waje, wanda yake iya yin zafi mai tsanani idan jini ya daskare a cikinsa. Na cikin hawa huɗu ne: na farko ba ya fitowa, na biyu yana fitowa ya koma da kansa, na uku sai an mayar da shi da yatsa, na huɗu kuma ba ya komawa. Nawa na biyu ne. Ya ƙara da cewa ba kowane jini ne basir ba, domin tsagewar dubura da sankarar hanji su ma suna zubar da jini, baƙin bayan gida mai kama da kwalta kuwa yana iya nuna jini ne daga can saman ciki. A nan jikina ya yi sanyi, domin da a ce ɗaya daga cikin waɗannan ne, da shekara biyun nan ta tafi a kan jiƙo. Gwaji ya nuna jinina ya yi ƙasa, jirin ke nan.

Ya rubuta mini maganin ruwa mai tausasa bayan gida, da na matsi wanda ya ce kada in wuce mako ɗaya ina amfani da shi, da maganin ƙarin jini, tare da gargaɗin cewa shi ma yana iya busar da ciki ya kuma baƙanta bayan gida. Ya hana ni tiramadol da kodin, domin suna ɗaure ciki. Ya ce in riƙa zama a cikin baho na ruwan ɗumi minti 10 zuwa 15, sau biyu ko uku a rana, kuma idan abin bai lafa ba akwai ɗaurin roba da ake yi wa tsiron ya bushe ya faɗi, kafin a kai ga maganar tiyata.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne sauya ci. Babban mutum yana buƙatar kimanin giram 25 zuwa 30 na harzar abinci a rana, wato dusa da zare-zaren da ke cikin hatsi da ganye da 'ya'yan itace masu tausasa bayan gida, kuma duk a kasuwarmu ake samunta da araha. Faten tsaki da alayyafo da yakuwa ya maye gurbin taliyar dare, kwaɗon zogale ko na rama ya zama abincin rana sau uku a mako, ga wake, da miyar kuɓewa, da gwanda da kankana. A makon farko cikina ya yi ta kumburi saboda na ɗibi waken da yawa lokaci guda, sai na rage na riƙa ƙarawa a hankali. Yaji na rage shi ne kawai, don na lura yana ƙara mini raɗaɗi ko da yake ba shi ya jawo ciwon ba. Na daina shiga banɗaki da waya, na daina riƙe bayan gida don in ƙarasa wuyan riga, kuma idan minti biyar ta wuce babu abin da ya zo, sai in tashi ba tare da yunƙuri ba.

Cikin mako shida jinin ya tsaya. Tsiron yana leƙowa jefi-jefi idan na yi sakaci, musamman bayan doguwar tafiya a mota. A azumin da ya wuce na rage yawan ɗinkin da nake karɓa, na ajiye jarkar ruwa a ƙarƙashin keke ina kurɓa daga magariba zuwa sahur. Ana saura kwana huɗu Sallah, ɗaya daga cikin yaran shagona ya jira kowa ya fita, ya sunkuyar da kai ya ce, "Oga, ni ma ina ganin jini." Washegari da safe na rufe shagon, na ɗauke shi a babur muka tafi yankar kati.