Farfaɗo da tsohuwar Vespa a zauren gida

Besfar da na yi aiki a kanta PX 150 ce, ƙirar kamfanin Piaggio na Italiya, daga jerin PX da aka fara fitarwa a 1977. Ta shekara huɗu jingine a zaure, tayoyi sun kwanta, tanki yana warin tsohon fenti. Wanda ya san Kano ya san irinta: ta dattawa, mai inji a dama da safayar taya a hagu, ana sa mata giya da hannu. Sau biyu na buɗe injinta a cikin wata uku, kuma na biyun laifina ne.

Kafin ka kwance noti ko ɗaya, duba lambar inji da ta jiki, ka gwada su da takardu. A PX 150 lambar inji tana farawa da VLX1M, ta jiki da VLX1T. Amfanin wannan ya wuce na takarda, domin besfofi da yawa da ke yawo a gari haɗe-haɗe ne: jikin Italiya, injin LML na Indiya, wani abin ma na Bajaj. Kayan LML da yawa suna shiga PX, amma ba duka ba. Shi ya sa in za ka Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari neman kaya, ka tafi da tsohon a leda, a ɗora shi kan sabon a gabanka. "Ai duk ɗaya ne, Alhaji" ba awo ba ne.

Sai ka kwantar da ita a kan tsohuwar katifa ka leƙa ƙasa. Vespa ba ta da firam na bututu kamar Jincheng ko Boxer, wannan kwanon da kake gani shi ne ƙashin bayanta. In tsatsa ta ci ƙarƙashin matakar ƙafa, ko tudun da ya ratsa tsakiya, to aikin mai walda ne tun kafin a yi zancen inji. Na caka sukudireba a gefen layukan roba na matakar, ta shige kamar a gurasa a wuri biyu. Mai walda ya yanke ruɓaɓɓen ya sa sabon falange. Kar ka yarda a cike irin wannan ramin da fila, damina ɗaya za ta tona asiri.

Sauke inji ba wuya: ka cire wayoyin giya biyu, ta kuloci, ta totur, ta cok da ta birkin baya, ka zare tiyon mai da wayoyin wuta, sannan dogon kusan da inji ke lilo a kansa da na shakazoba. Ka ɗauki hoton kowace waya da wayarka kafin ka cire. Kayan aiki biyu ne ba su da madadi: abin zare filawil, mai zare M28, da sifanar nan mai haƙora ta notin kuloci. Na ga ana dukan filawil da guduma har ya fita. Yana fita, amma karanshaf yana karkacewa, maganaɗisun ma yana raunana.

Ga inda na yi kuskure. Da na cire kan inji na ga fistin ya ƙoƙe, zobba sun maƙale da baƙin gawayi, sai na ɗauka na gano cutar. Asalin faɗin bulok ɗin milimita 57.8 ne. Na sayi fistin na gaba da shi, 58.0, na kai tare da bulok wurin masu ribo, wato masu faɗaɗa ramin bulok, don da fistin a hannu ake yin ribo, ba da ka ba. Na haɗa, ta tashi a kiki na uku. Murna ta sa ban raba gidan karanshaf ba, na ce me zai kai ni tono abin da bai yi kuka ba.

Ta yi kuka, ni ne ban ji ba. In na saki totur, inji ba ya saukowa nan take, sai ya rataye a sama na daƙiƙa biyu ko uku kafin ya dawo silo. Na yi ta murɗa sukurun kafireto ina zarginsa. Kwana tara bayan haka, da rana tsaka a titin Zariya, ƙarar inji ta canza ta zama siririya, tayar baya ta ƙulle ta ja ƙasa. Allah ya sa yatsuna suna kan kuloci na damƙe. Da na buɗe, gefen fistin na wajen salansa ya yi zane-zane, alminiyon ya narke ya shafe zobe, ya kuma manne a jikin bulok kamar an goga masa cokali. Fulogi fari fat.

Wani dattijon bakanike da na kai wa fistin ɗin bai ma karɓa ba. Cewa ya yi, "Ɗan nan, ka canza sil?" Na ce, "A'a Baba, ai ba ya zubar da mai." Ya ce, "Ba zubarwa yake ba, sha yake."

Bayanin shi ne: injin Vespa mai bugu biyu ne, ba shi da rijiyar baƙin mai a ƙarƙashin fistin. Fetur da iska da man inji suna fara shiga gidan karanshaf, a matse su a can, sannan su hau sama. Dole gidan nan ya zama a rufe ruf, kuma roba biyu ne ke tsare shi, su ne sil ɗin, ɗaya ta wajen filawil, ɗaya ta wajen kuloci. In babur ya daɗe a ajiye, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40, robar tana bushewa ta tsage. In ta wajen filawil ce ta mutu, inji yana zuƙar iska ta ɓarauniyar hanya. Iska ta yi yawa, fetur ya yi kaɗan, man da ke cikin fetur ɗin shi ma ya yi kaɗan, zafi ya tashi, fistin ya kumbura ya kama. In ta wajen kuloci ce, man giya yake sha: hayaƙi fari mai kauri, fulogi jiƙe, man giya yana raguwa. Wannan gwajinsa kyauta ne. Ka kwance notin da ake zuba man giya ka shinshina, in ka ji warin fetur, magana ta ƙare.

A karo na biyu na raba gidan. Abin da na canza: sil biyu na karanshaf, boris biyu nasa, sil na tayar baya, gaskit gaba ɗaya, faifan kuloci uku, robobin kiki, da ƙaramin ƙarfen nan mai siffar gicciye da ke zaɓar giya. Boris ba a dukansa ya shiga. Ana ɗumama gidan, a sanyaya boris. Da yake wuta ba abin dogaro ba ce, na ƙulle su a leda biyu na binne cikin ƙanƙarar ɗari biyu a kula na awa guda, na gasa gidan a kan risho har ɗigon ruwa ya fara tsalle a kansa. Boris ya zauna da ɗan turi kawai. Sil kuwa sai gida ya huce, a shafa wa leɓensa mai, a tura shi daidai ba karkace.

Gicciyen giya yana da tarko: zarensa na hagu ne. In ka murɗa yadda ka saba kwancewa, ƙara ɗaurewa kake, har ka karya sandar. Alamar ya mutu ita ce giya ta riƙa fita da kanta in ka ja totur, musamman ta biyu da ta uku. Nawa kafaɗunsa huɗu sun cinye sun zama kamar bakin tsohon ludayi. Faya-fayan giya huɗu kuwa, yadda ka zare su haka za ka zira su a waya, fuska ɗaya, don in ɗaya ya juya baya ba za ka sani ba sai ka gama haɗa komai.

Tunda gida a buɗe yake, duba wurin da kumatun karanshaf ke shafa a ƙarƙashin kafireto. Shi ne ƙofar shigar mai, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kaurin takarda ba. In ka ga kwarin da farce ke maƙalewa a ciki, ƙura ce ta yi shi. Da hunturu, besfar da aka cire wa matatar iska, ko robar da ta haɗa akwatin kafireto da jiki ta yage, samfefa take sha da kowane numfashi. Irin wannan injin zai riƙa tofo fetur ta bakin kafireto, silo ba zai taɓa zama ba.

Kafin na mayar da inji jiki, na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Na toshe mazaunin kafireto da bakin salansa da guntun tsohon tib, na hura iska ta ramin fulogi da famfon keke, kaɗan, kada ta wuce awo 6 na PSI a geji, in ba haka ba kai da kanka za ka ture sabon sil. Na yayyafa ruwan omo a duk mahaɗa. Kumfa ta tashi a gindin bulok, gaskit ya ɗan naɗe. Minti goma na gyara abin da zai iya cin wani fistin.

Sauran awo ne. Tazarar bakin zobe a cikin bulok tsakanin milimita 0.2 da 0.35. Kibiyar da ke kan fistin tana kallon salansa. Notin kan inji huɗu ana ɗaure su a gicciye, kaɗan-kaɗan, ba da ƙarfin tuwo ba. Kusoshin kafireto biyu ma haka, in ka matse ɗaya sosai kafin ɗayan, jikin kafireton Dell'Orto yana lanƙwashewa, totur ya riƙa maƙalewa. Notin filawil shi ne mai son ƙarfi, wajen 60 Nm a sifanar awo, kuma ka tabbata ɗan makullin nan mai kamar jinjirin wata ya zauna a raminsa, don in ya yanke, lokacin wuta ya ɓace. Fulogi gajeren zare ne, NGK B7HS, tazara 0.6. Mai dogon zare na PX 200 ne, a nan fistin zai iya dukansa. Man giya SAE 30, kwata ɗin lita, ka zuba har ya fara dawowa ta ramin. Faifan kuloci su kwana a cikin man kafin a haɗa. Murfin fanka da hular da ke rufe bulok kuma ba ado ba ne, su ke kora iska kan inji. Masu cire su wai don inji ya sha iska, akasin haka suke yi.

Haɗin mai kashi 2 cikin 100 ne: mililita 20 na man 2T a kowace lita, wato 100 a lita biyar. Sirinji na ajiye a akwatin gaba don wannan. Awo da murfin gora ko "zuba kaɗan" shi ke toshe salansa, ko ya bar fistin a bushe. Baƙin man mota ba ya ƙonewa da kyau, gawayi yake tarawa. Fetur ɗin 'yan bumburutu kuma in dole ta sa, a tace shi da ƙyalle. Kilomita 500 na farko ban wuce rabin totur ba, ina canza gudu, ina duba fulogi duk bayan kwana biyu. Launin da ake nema na shayi da madara ne.

Maganar kwalliya, a nan ne mutane suka fi zuba kuɗi, ni kuma a nan na fi taƙaitawa. Akwai bulok na ƙari mai 177cc da ke hawa wannan injin, akwai manyan salansa. Duk wanda ka sa, dole ka ƙara girman jet ɗin kafireto, in ba haka ba labarin titin Zariya ne zai maimaita kansa. Ban sa ba, don birkin ganga ne gaba da baya, kuma a cunkoson Kantin Kwari da 'yan adaidaita ba gudu ne ya rage mini ba. Abin da na yi shi ne sabbin takalman birki, sabbin wayoyi da giris a cikin bawonsu, da tayoyi 3.50-10. Wilin Vespa gida biyu ne da aka haɗa da noti, ka sace iskar gaba ɗaya kafin ka taɓa su, kuma kar ka rikita notin haɗin wili da na ɗaure taya. Notin tsakiya na tayar baya sabon fil ake sa masa, ba ƙusa lanƙwasasshiya ba.

Fitilar LED ta ba ni wahala. Besfa marar batir wutar AC take bayarwa, don haka ƙwan ya riƙa ƙyaftawa a silo har na sa masa ƙaramin rektifaya. Kujera na kai wa masu ɗinki suka sake soso, aka rufe da jar fatar da na sayo a Kurmi. Tana da kyau, amma in ta wuni a rana ba ta zaunuwa, sai na ɗinka mata riga.

Fenti ya zo ƙarshe, bayan inji ya yi wata guda lafiya. An kankare har ƙarfe, aka sa jan fenti na maganin tsatsa, fila siririya a inda walda ta bar tabo, samfefa 400 da ruwa, sannan launin madara hawa uku. Na liƙe lambar jiki da salatif don kada a binne ta. Kuskurena a nan shi ne lokaci: an yi feshin cikin Janairu a buɗaɗɗen fili. In ka shafa murfin gefen hagu da tafin hannu, har yau za ka ji ƙurar hunturun a ƙarƙashin fentin.