Yadda na ƙulla wa ayu da dolfin zumuncin da babu shi

Har yau in na ji mai tallar man ayu yana kwarmato a tasha, sai kunya ta sake lulluɓe ni. Ayun bai yi mini komai ba, ni na ɗora masa dangin da ba nasa ba, a kan ƙaton allon roba da na biya kuɗin bugawa daga aljihuna.

Baje kolin kimiyya ne na makarantun sakandare, ni kuma malamin bayoloji. Ɗalibaina suka ce bishiyar zuriyar dolfin suke so su nuna. Na ji daɗi, don na ɗauka fagena ne. Ɓangaren burbushin ƙasusuwan tsofaffin dangin dolfin bai ba mu wahala ba: Pakicetus na Pakistan, mai ƙafa huɗu, wanda ya rayu kimanin shekara miliyan 50 da suka wuce, aka kuma bayyana shi a 1981, Ambulocetus da Hans Thewissen ya bayyana a 1994, sai Dorudon da Basilosaurus na Wadi Al-Hitan a Masar, waɗanda ƙafafunsu na baya suka tsuke har ba sa iya ɗaukar jiki. Har Pappocetus lugardi muka saka, wanda aka tono a kudu maso gabashin Najeriya aka raɗa masa sunan Gwamna Lugga. Yara sun yi ta murna da wannan.

A reshen dabbobi masu rai na yi ɓarnar. Daren da za a kai wa mai bugawa aikin, na ga gefen dolfin fayau, sai na ce bari in saka masa ɗan'uwa da yaranmu suka sani. Ayu ya faɗo mini. Yana shayarwa, yana leƙowa ya shaƙi iska, ba shi da ƙafafun baya, yana kaɗa wutsiya sama da ƙasa kamar dolfin. Me ya rage? Ban buɗe littafi ba, ban duba waya ba. Minti biyu da sun ishe ni. Na ja layi na haɗa su, na je na kwanta.

Cikin alƙalan akwai wata dattijuwa, malamar jami'a. Ta daɗe tsaye gaban allon tana bin rassan da ƙarshen biro. Da ta iso wurin, sai ta zare tabarau ta dube ni.

"Malam, wa ya ɗaura wa waɗannan biyun aure?"

Na ce, "Hajiya, ai duk masu shayarwa ne na ruwa."

Ta ce, "To jemage da tsuntsu ma duk suna tashi." Ba ta ɗaga murya ba, amma ɗalibaina shida suna nan tsaye, sun haddace kuskurena kamar karatun allo, ɗaya ma ta riga ta rattaba wa alƙalin farko shi da ƙarfin gwiwa. Wannan ya fi kuɗin ciwo.

Ayu dangin giwa ne da rema. Da na koma na duba da kyau, sai na ga shaidar tana jikinsa tun fil'azal. Ayun da ke Neja da Binuwai yana da farata a bakin hannuwansa. Nonon macen yana hammata, yadda na giwa yake tsakanin ƙafafun gaba. Turamen haƙoransa daga baya suke fitowa su yi ta matsowa gaba, na gaban su zube, kuma giwa ma haka take yi. Ciyawa yake ci. Surar da ta ruɗe ni aikin ruwa ce: duk dabbar da zuriyarta ta daɗe tana iyo, jiki yakan miƙe ya yi sumul, ko daga wane gida ta fito.

Abin da ya fi ba ni haushi, ɗan'uwan da nake nema yana nan a kogunan namu. Dorina ce. A cikin dabbobin da ke raye yau, babu wadda ta fi ta kusanci da dolfin da sauran manyan dabbobin teku irin su wel. Binciken ƙwayoyin gado ne ya fara nuna haka a shekarun 1990, masu nazarin ƙasusuwa da yawa suka ƙi yarda, don a lokacin sun fi karkata ga wasu maciya nama da suka ƙare, Mesonychidae. A 2001 aka sami ƙasusuwan ƙafar tsofaffin wel a Pakistan, ciki har da Rodhocetus, ƙashin idon sawunsu kuwa irin na akuya da raƙumi da dorina ne sak. Gardama ta kwanta.

Wannan ƙashin sai da na riƙe shi a hannuna hankalina ya natsu. Na sayi ƙafar akuya wurin mahauci, aka yi farfesu, na tsame ɗan ƙashin na wanke na shanya. Bai kai akwatin ashana ba. Yana da kwari a sama, yana da wani a ƙasa, kamar inda igiyar guga ke bi a bakin rijiya. Na kai aji, ya zagaya daga hannu zuwa hannu, na ɗora hoton na Rodhocetus a gefe. Ajin ya yi tsit. Da wannan na fara tun farko, da ban je neman ayu ba.

Tsoro ya sa na bi sauran allon reshe-reshe, sai ga wani kuskuren mai irin wannan tushe. Na tara dolfin ɗin koguna a gida guda saboda duk suna da dogon baki da ƙananan idanu. Ashe na kogin Ganges da Indus ya rabu da sauran tun da daɗewa, na Amazon kuma ya fi kusa da dolfin ɗin teku fiye da shi. Baiji na kogin Yangtze, wanda aka nema aka rasa a binciken 2006, shi ma gidansa daban. Hajiyar ko dai ba ta lura ba, ko ta tausaya mini. Sai kuma oka, ƙaton mafaraucin teku mai launin baƙi da fari, wanda na kai wajen wel saboda girmansa, alhali shi ne babba a cikin dangin Delphinidae, gidan dolfin na teku. Kurakurai uku, duk ido ne ya ja ni.

Abokan aikina masu shirin irin wannan, in za ku ja layi tsakanin dabbobi biyu, ku rubuta hujjar a gefe da fensir, ƙashi ne ko ƙwayar gado. In hujjar "sun yi kama" ce kawai, ku goge. Kada kuma ku taɓa allon a daren ƙarshe, musamman reshen da kuke ganin kun fi sani, don ni Pakicetus sau uku na duba shi, ayu ko sau ɗaya.

An sake buga allon, dorina ta hau mazauninta. Tsohon kuwa maiɗakina ta yi wa awaki rumfa da shi a bayan gida, kuma gefen da ayun yake ne ke kallon ƙofar ɗakina.