Sheƙin da dila ya shafa wa mota: yadda nake duba ainihin fenti kafin in biya kuɗi

Motar da ke tsaye a filin dila, ko 'yar Kwatano ce ko wadda aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Legas, ba ta isa gaban mai saye sai ta bi ta hannun masu wanki da masu bofin, wato goge fenti da inji don ya yi sheƙi. Ba laifi ba ne, kowa yana gyara hajarsa. Sai dai yawancin abin da ake shafawa an zaɓe shi ne don ya yi kyau na mako biyu ko uku, kuma yana rufe abubuwan da ya kamata su shiga cikin ciniki. Zan yi misali da wata baƙar Camry ta 2014 da na saya, domin kusan duk abin da ake yi wa fenti na same shi a jikinta.

Fentin kamfani hawa-hawa ne: maganin tsatsa a kan ƙarfe, sai firaima, wato shimfiɗar da launi ke kamawa a kai, sai launi, sai kiliya a sama, wato wannan hawa mai garai-garai da ke ba da sheƙi yana tare zafin rana. Dukkansu a haɗe sukan kai maikiron 100 zuwa 180 (maikiron dubu ne milimita ɗaya), kiliyar kaɗai kuwa da wuya ta wuce 50. Takardar rubutu ɗaya ta kusa ninka ta biyu a kauri. Duk lokacin da aka ɗora injin bofin ana cin wani abu daga cikinta, kuma ba ta tsirowa. Shi ya sa masu wannan aiki suke cewa kada a ci fiye da rubu'inta a duk tsawon rayuwar motar. Idan ta yi siriri da yawa, ranar bazara ce za ta ƙarasa ta: rufi da bonet su fara yin fari-fari, daga nan su soma ɓarewa.

Abu uku na fi tararwa a jikin motar dila. Akwai gilez, wani man shafawa mai ɗauke da mai da garin farar ƙasa mai laushi, wanda ke shiga cikin ƙananan ƙarce ya cike su. Ba ya gyara komai, kamar hoda yake a fuska, wanki biyu ko uku da omo ya tafi. Akwai feshin silikon da ake watsa wa taya, bamba, dashbod, robobin ƙofa, har da cikin inji. Sannan akwai bofin na gaggawa da injin mai juyawa waje ɗaya da kan ulu, wanda ke cire manyan zane amma ya bar nasa zanen masu lanƙwasa, sai a bi su da gilez a rufe. A farar mota ko mai ruwan azurfa da kyar ake lura. A baƙa ko mai ruwan bula mai duhu kuwa, bayan wata ɗaya sai ka rantse ba ita ka saya ba.

Kayan da nake tafiya da su ba su cika jaka ba: tawul biyu na maikurofaiba, tef ɗin takarda irin na masu fenti, tocilan, na'urar auna kaurin fenti, da kwalbar feshi mai ɗauke da sifirit na isopropyl. Idan mai kashi 70 na samu a kemis, nakan zuba awo ɗaya a cikin awo uku na ruwan gora, ya dawo kusan kashi 17, wanda ya isa ya narke mai da gilez ba tare da ya taɓa fentin ba. Kada a yi kuskuren amfani da tina, wato ruwan tsinka fenti, ko fetur. Tina tana iya narkar da fentin da aka sake fesawa, kuma asarar a kanka za ta faɗa tunda motar ba ta zama taka ba tukuna.

Sai na nemi izini kafin in taɓa komai. Dilan ya ce, "Alhaji, ai fas bodi ce, fentin kamfani ne ba a taɓa sakewa ba, ko ƙwarzane babu." Na ce, "Na yarda, Malam, amma gani ya kori ji, tafin hannu biyu kawai zan goge." Wanda ya san motarsa lafiya take ba ya hanawa. Aka matsar da ita inuwa, na jira ƙarfen ya huce, don a kan bodi mai zafi sifirit yana bushewa kafin ya yi aiki ya bar tabo. Na manna tef a tsakiyar murfin but, na fesa a tawul, ba a jikin motar ba, na goge gefen dama sau biyu, na bi da busasshen tawul. Da na cire tef na haska tocila daga gefe, layin ya fito sarai. Hagu baƙi wuluk mai zurfi. Dama kuwa ya yi toka-toka, da zane siriri-siriri sun kewaye hasken tocilar, ga wasu layuka masu kaɗawa suna bin hasken duk inda na matsar da hannu. Waɗannan masu kaɗawar aikin kan ulu ne. Tawul ɗin kuma ya ɗauko wani maiƙo mai ruwan ƙasa. Akwai zane biyu dogaye da na bi da farce: ɗaya farce ya wuce sumul, wannan folish zai cire shi, ɗayan farce ya maƙale, wannan ya yi zurfin da ba a bin sa da inji, sai dai a tausasa gefensa a haƙura.

Na'urar awo ita ce ke raba gardama a kan maganar fas bodi. Nakan fara da rufi, domin shi ne aka fi bari da fentin kamfani, in auna wurare biyar a kowane ɓangare: kusurwoyi huɗu da tsakiya. Rufin Camry ɗin ya ba ni maikiron 118 zuwa 126, ƙofar direba 120. Murfin but ya ba ni 84, alamar an ci shi da inji ba sau ɗaya ba. Ƙofar baya ta dama ta tashi daga 280 zuwa 340, wato an sake fesa ta, gefen da ke saman tayar baya kuma ya haura 900 a wuri ɗaya, wannan fila ce ba tantama, wato kwaɓin da ake cike lotsawa da shi kafin a yi fenti. Lambar ita kaɗai ba ta da muhimmanci kamar bambancin da ke tsakanin ɓangare da ɓangare. Na'urar ba ta karanta bamba tunda roba ce, kuma mai araha ƙarfe kaɗai take ji, sai ka sayi mai jin alminiyom idan motar da kake nema irin F-150 ce daga 2015 zuwa sama, wadda bodinta alminiyom ne. Idan babu na'ura, ɗan maganaɗisu mai rauni a naɗe cikin ƙyalle yana nuna wurin da fila ta yi kauri, amma ba zai gaya maka an sake fenti ba. Sauran alamun ido ne da yatsa: burbushin fenti a kan robar gilashi, kaifin layin tef a cikin bakin ƙofa, ƙurar da ta mutu a cikin kiliya, kan kusoshin fenda da sifana ta ɓare. Motocin Amurka da yawa suna da ƙaramar sitika mai lambar VIN, wato lambar shasi, a ƙofofi da fenda da bonet, inda ta ɓace ko fenti ya hau kanta a tsaya a duba.

Da wannan na yi ciniki. Na kira mai fentin da nake hulɗa da shi ya faɗi kuɗin sake ƙofa da gefen baya yadda ya kamata, aka rage daga farashi kafin a yi maganar la'ada. Dalilin da ya sa nake ɗaukar wannan gyara a matsayin wanda za a sake shi ne, fila da firaimar da aka yi wa fenti cikin gaggawa suna ci gaba da tsukewa a rana, bayan wata ɗaya ko biyu zanen sanfefa da iyakar filar su bayyana ta ƙarƙashin fenti.

Silikon shi ne mugun. Idan ya rage a jiki aka fesa sabon fenti, sai fentin ya gudu daga wurin ya bar ƙananan ramuka masu zagaye, kuma babu magani sai a goge a sake. Ka gaya wa mai fentinka cewa motar daga filin dila take, ya wanke ɓangaren da maganin cire maiƙo sau biyu, da sabon ƙyalle kowane karo, kafin ya sa sanfefa, domin sanfefa tana tura silikon cikin fentin ne. Wanda ke kan dashbod yana haska gilashi da rana yana kama ƙurar hunturu. Wanda ya hau sitiyari ko robar da ke kan fedar birki kuwa santsi ne, tun a filin dila nake goge shi kafin in tuƙa. Inji mai sheƙi ma ba na yarda da shi sai an bar shi a kunne minti 15 na leƙa ƙasa da tocila, saboda sheƙin yana ɓoye yoyon mai.

Sai batun ƙarin kuɗi. A Amurka dilolin sababbin motoci sun daɗe suna ɗora kuɗin kariyar fenti a kan farashi, wani lokaci sun riga sun shafa kafin ka zo. Yanzu abin ya iso manyan wuraren sayar da mota a Abuja da Legas da Kano da sunan seramik, wato wani ruwan magani da ake shafa wa fenti ya bushe ya zama siririn rufi mai tauri. Ni ma an yi mini tayi, da zuba ruwa a bonet ana nuna yadda yake dunƙulewa yana gangarewa. Wannan ba hujja ba ce, feshin silikon ma yana yin haka. Abin da nake tambaya shi ne sunan maganin, a nuna mini kwalbar, wa zai shafa, kuma awa nawa aikin zai ci. Seramik na gaske yana zuwa ne a ƙaramar kwalba ta mililita 30 ko 50, wadda ke isar mota ɗaya, kuma shafa shi ba shi ne aikin ba. Aikin shi ne wanki, cire datti, gyaran zane da inji, goge maiƙo, wanda ke cin yini ɗaya zuwa biyu. Bayan an shafa ana so ya yi awa 24 ruwa bai taɓa shi ba, a yi kusan mako ba a wanke da sabulu ba. Duk wanda ya ce ka je ka yi sallar la'asar ka dawo ka ɗauka, feshin silant zai yi maka, wato man kariya na sama-sama wanda ke yin 'yan watanni. Idan kuma aka shafa seramik a kan gilez, ba zai kama ba. Idan aka shafa a kan zane, an kulle zanen a ƙarƙashi, ba ya fita sai an cire seramik ɗin da inji. Kaurinsa maikiron ɗaya ne ko biyu, ba ya tare tsakuwa. Wannan 9H da ake rubutawa a kwali ma'aunin taurin fensir ne, mabuɗi zai karce shi sarai. Mai son kariya daga tsakuwar hanyar Kaduna sai ledar kariya mai garai-garai ta robar TPU mai kaurin kusan maikiron 200 a bamba da bonet, ita ma kada a manna ta a kan ɓangaren da aka sake fesawa ba da inganci ba, don ranar cirewa takan taho da fentin.

Na ƙi tayin, na yi aikin a gida. Wanki da bokiti biyu, ɗaya na sabulun mota ɗaya na ɗauraye soso. Sai maganin cire burbushin ƙarfe, wanda ke komawa shunayya cikin minti uku zuwa biyar, a ɗauraye kafin ya bushe. Na sa hannu cikin siririyar leda na shafa bodin, inda na ji gurzi-gurzi na bi da yumɓun goge fenti da ruwan sabulu mai yawa. Na rufe robobi da kaifin layukan bodi da tef, domin a nan fenti ya fi siriri. Injin da na yi amfani da shi mai juyawa yana karkaɗawa ne, ba ya ƙona fenti da sauƙi. Ɗigo uku ko huɗu na folish a kan soso mai matsakaicin tauri, wuri mai faɗin santimita 40 a kowane gefe, zagaye huɗu a hankali, a goge da sifirit a haska tocila. Idan gwajin farko ya cire yawancin zanen, ba na ƙara ƙarfi. Murfin but mai 84 folish mai laushi kaɗai ya samu, zagaye biyu, na bar sauran zanen. Wanda farar Toyota ya saya ya duba lambar launi a sitikar bakin ƙofar direba: idan 040 ce, a shekaru da yawa ba ta da kiliya, don haka ganin fari a kan soso ba alamar an cinye kiliya ba ce.

A kan sauran jikin na shafa silant siriri, na bar shi ya yi hazo, na goge. Ƙofar da aka sake fesawa ban sa mata komai ba. Fentin kamfani ana gasa shi a zafin da ya kai wajen digiri 140 a ma'aunin Salshiyas, na gareji mai oben kusan 60, na bakin titi kuwa rana ce ke busar da shi, don haka tinar da ke ciki tana ci gaba da fita har kwana 30 zuwa 90. Idan aka toshe ta da kakin shafa wa mota ko seramik, sheƙin yakan dushe.

Abin da ya fi dawo da zane ba dila ba ne, busasshen tsumma ne da ake share ƙurar hunturu da shi kowace safiya. Na hana yaron gida yin haka: ko dai a watsa ruwa ƙurar ta sauka tukuna, ko a bar ta. Ruwan burtsatse idan ya bushe a rana yana barin farin tabo, sai a tsane da tawul nan take. Wanda ya riga ya kama, binega (ruwan khal) rabi ruwa rabi yana cire shi idan bai ci cikin kiliya ba, amma sai an sake shafa silant a wurin. Kashin tsuntsu da na jemage a ƙarƙashin darbejiya ba ya kwana: a ɗora jiƙaƙƙen tawul minti biyu ya yi laushi, a ɗauke shi sama ba tare da gurzawa ba.