Ɗanyen kashin kaji da ya ƙona min buhu 14

Ana saura kamar mako biyu a fara azumin 2024 na jera buhu 20 a tsakar gidanmu da ke cikin birnin Zariya. Niyyata alayyafo da rama da lalo, don in azumi ya raba tsakiya mu riƙa tsinkar ganyen miya a gida. A lissafi ban yi kuskure ba, alayyafo mako uku zuwa huɗu ne ya kai yanka. Taki ne ya kayar da ni, kuma har yau in na tuna sai raina ya sosu.

Buhunan shinkafa ne masu kilo 50. Ana naɗe bakin buhu ya dawo rabi, a ɗora ƙusa a wuta a huda gindinsa wuri 8 zuwa 10, sannan a ɗora shi kan bulo biyu. Kada a ajiye shi kai tsaye a kan siminti, domin simintin bazara da azahar ko tafin ƙafa ba ya jurewa, balle saiwa. Haɗin ƙasar kuwa kwano biyu na ƙasar gona, kwano ɗaya na yashi, kwano ɗaya na taki. Duk wannan na yi shi daidai. Sai dai takin da na zuba a buhu 14 kashin kaji ne da aka kwaso daga ɗakin kaji a makon, haɗe da dusar katakonsa, yana wannan warin mai shiga hanci kamar na tsohon fitsari. Na ɗauka warin ƙarfinsa ne. Sauran buhu shida na cika su da tsohon kashin awaki da ya shekara a bayan ɗaki, saboda na kajin ya ƙare, har ina jin haushin bai isa ba.

Kwana huɗu alayyafo ya tsiro a buhuna shidan nan kamar an yayyafa koren gari. A 14 ɗin kuwa tsiron jefi-jefi ne, wanda ya fito ɗin ma bai kai kwana goma ba bakin ganyensa ya fara ƙonewa, ya yi ruwan ƙasa, ya naɗe. Abin da ya ruɗe ni shi ne shukar na yaushi alhali ƙasar jiƙe take. Sai na ƙara ruwa. Jarka biyu, jarka uku kullum daga wurin mai kura, a lokacin da rijiyarmu ta ja baya har guga na kwaso laka. Kuɗin ruwan da na zuba a buhunan da suka riga suka mutu ya fi kuɗin iri da buhu da takin gaba ɗaya.

Ƙanin surukina, mai lambu a bakin kogin Galma, shi ya gano matsalar ranar da ya zo gaishe da Inna. Na ce, "Baba, don Allah ku duba min, ko ƙwari ne?" Bai ko kalli ganyen ba. Ya cusa hannu cikin buhu har wuyan hannu, ya zaro, ya ce, "'Yar nan, sa hannunki." Cikin ƙasar ɗumi ne kamar tuwon da ya kwana a kula. Ya tsige tsiro ɗaya ya nuna min saiwar, ta yi baƙi-baƙi, babu farin gashin nan ko ɗaya. Ya nuna min farin gishirin da ya taru a saman ƙasar ta gefen buhu. Ya ce, "Ai taki ba ya shiga buhu sai ya huce."

Ɗanyen kashin kaji yana ɗauke da ammoniya, wato sinadarin da ke kawo warin nan mai shiga hanci, da gishiri mai yawa. Gishirin yana janye ruwa daga cikin saiwa maimakon saiwa ta sha, shi ya sa shuka ke yaushi a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ga shi kuma bai gama ruɓewa ba, to yana ruɓewa yana fitar da zafi. A gona ana watsa shi a fili tun kafin shuka, ruwan sama ya wanke shi. A buhu babu inda zai tafi, ga ranar Maris tana dukansa ta waje. A garin da ke da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ga kuma masu lambu a dangi, tambaya ɗaya da ta raba ni da wannan asarar, ban yi ta ba.

Babu ceto ga tsiron da saiwarsa ta ƙone. Muka zazzage buhunan 14 a gindin katanga muka tara wuri guda, muka sake haɗi da sabuwar ƙasa da busasshen kashin shanu da Baba ya aiko. Mun ci wannan alayyafon ne bayan Sallah. Duk azumin buhu shida muka riƙa lallaɓawa, ana yanka ana barin kamar yatsu huɗu daga ƙasa don ya sake toho.

Tulin da muka zazzage shi ya koya min yadda ake dafa taki. Ana tara shi a inuwa, a haɗa da busasshen ganye ko ɓawon gyaɗa kusan daidai da yawansa, a yayyafa ruwa har in an damƙa ya dunƙule amma bai ɗiga ba, a rufe da tsohon buhu. Duk mako a juya shi da shebur, na ciki ya dawo waje. Kashin kaji kada a taɓa shi ƙasa da mako takwas. Alamar ya nuna guda uku ce: ka sa hannu a tsakiyarsa ka ji sanyi, warin nan ya tafi sai ƙamshin ƙasar da aka yi wa ruwan fari, launinsa ya yi baƙi yana marmashewa. Ni yanzu ko alamun sun cika ba na yarda sai na gwada. Ina cika gwangwanin madara da haɗin, in shuka ƙwayar wake goma. In takwas suka fito cikin mako guda ganyensu lafiya, sai in zuba a buhu. In ba haka ba, ya ƙara mako biyu. Kuma ko ya nuna, rabin kwano nake sa wa a inda zan sa kwano guda na kashin shanu.

Sauran aikin bazara duk yaƙi ne da rana. Maigida da yaran suka kafa rumfa da itace huɗu, aka shimfiɗa tsohuwar zana a sama, wadda ta yi sakwa-sakwa rana na ratsawa. Sabuwar zana inuwarta ta yi duhu, alayyafo zai yi tsawo ya sirance ya faɗi. Rumfar ta tare ranar azahar zuwa la'asar, a bar ta safe ta shigo. Da yake ta yi faɗi, nan muka koma da tabarma ni da Inna, tana ɗinkin hula ina cikon aska a wuyan riga, ido na kan buhuna saboda kaji da ƙadangaru. Ƙadangare ya fi kaza ɓarna a sabon tsiro. Tsohon gidan sauro da aka ɗaure a jikin kara huɗu ya ishe shi.

Ban ruwa da asuba ne da kuma bayan la'asar sakaliya, kamar lita biyu kowane buhu a tsakiyar Afrilu, wato jarka mai lita 25 tana zagaye buhu 12 sau ɗaya. Abin da ya rage min wannan shi ne gorunan roba. Yara suka tara masu lita ɗaya da rabi, aka gasa allura aka huda kowace wuri biyu kusa da gindi, aka binne ta rabi a tsakiyar buhu. A cika ta, a ɗaura murfin sako-sako. In aka ɗaure shi tamau ruwan ba zai sauka ba, in aka cire shi gaba ɗaya zai zube cikin minti kaɗan. Sai a rufe saman ƙasar da ɓawon gyaɗa kaurin yatsu biyu, ana ɗagawa lokaci-lokaci a duba gara. Ruwan wankin shinkafa da na alwala duk muna tarawa a bokiti. Ruwan omo kuwa ban yarda ya kusanci buhu ba, wanda ya ga abin da gishiri ya yi wa saiwa ba zai ƙara mata wani ba.

Irin alayyafo ƙanana ne ƙwarai, a cuɗa cokali ɗaya da cokali goma na yashi kafin a yafa, kada a binne shi, a dai shafa ƙasa da tafin hannu. Tumatir ban ba da shawararsa a bazara ba, zai yi ganye ya yi fure amma zafi ya kakkaɓe furen. Attaruhu a yi renonsa a tsohuwar roba cikin Afrilu, ya samu mako biyar zuwa shida, a dasa da yamma in ruwa ya sauka a Mayu. Kuɓewa a jiƙa irin ya kwana, a shuka uku a bar biyu.

Takin da ya kashe min alayyafo a Maris shi na zuba wa kuɓewa da attaruhu a ƙarshen Mayu, bayan ya kwashe fiye da mako goma a gindin katanga. Kuɓewar ta wuce tsawon babban ɗana, muna tsinka kowane kwana biyu har muka yanka saura muka shanya a faifai. Da Baba ya dawo ya gani, ya sake cusa hannu a buhu, ya daɗe bai zaro ba, sannan ya ce in ɗebar masa irin kuɓewar in ta bushe.